Hilux ɗita tana ƙas-ƙas idan na sha kwana: roba zan sa, kan shaf, ko shaf ɗin gaba ɗaya?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2012 mai ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, da ita nake shiga gona. Kwanan nan idan na sa ogzilari na murɗa sitiyari har ƙarshe, sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga tayar gaba ta hagu. Da na leƙa sai na ga robar shaf ta yage, giris ya fantsama cikin wili. Wani ya ce roba kawai zan sa, wani ya ce kan shaf, wani kuma ya ce in sayi shaf na Beljiyam gaba ɗaya. Bara da aka yi mini irin wannan aikin a ɗaya gefen, mai ya riƙa ɗiga daga aksil. Me ya kamata in yi, kuma me zan lura da shi wajen aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tunda har ƙara ta fito, maganar roba kaɗai ta wuce. Roba ana canza ta ne kafin kan shaf ya fara magana. Idan ya fara ƙas-ƙas, ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe a ciki, sabuwar roba da sabon giris za su rage ƙarar na ɗan lokaci ne kawai, sannan ta dawo. Saura zaɓi biyu, kan shaf ko shaf ɗungurungum, kuma zan faɗi yadda ake yanke hukunci tsakaninsu. Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne, a wannan aikin kwancewa ba ta da wuya, yaron gareji ma zai yi ta. Wajen mayarwa ake ɓata mota, kuma ɗigar man da ka gani bara shaida ce.

Ya kamata ka san abin da ke cikin robar nan, don ka iya tsayawa a kan aikinka da ido. Tayar gaba aiki uku take yi lokaci ɗaya: tana juyawa da ƙarfin inji, tana karkata hagu da dama da sitiyari, tana kuma hawa da sauka a kan gargada. Kuros, wato mahaɗi mai kan gicciye irin na farfela (doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa aksil), ba ya iya ɗaukar wannan, domin da zarar ya karkata, gudun da yake fitarwa ba ya zama daidai, sai ya yi sauri ya yi jinkiri har sau biyu a kowane zagaye. Idan karkatar ta kai digiri 30, gudun kan haura da kusan kashi 15 cikin ɗari, ya kuma sauka da kusan kashi 13. A tayar da ke haɗe da sitiyari, wannan fizga ce da za ka ji a hannunka. Wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ne ya fito da mafita a shekarun 1920, kuma ƙirarsa ce har yau ke cikin kan shaf na waje, wanda littafin mota ke kira CV. Ƙoƙo ne na ƙarfe mai kwari shida a ciki, da tauraro a tsakiya shi ma mai kwari shida, da ƙwallaye shida da ke gudu a cikin kwarurrukan, da keji da ke riƙe ƙwallayen a layi ɗaya. Kejin nan shi ne sirrin: duk yadda taya ta karkata, yana tsayar da ƙwallayen a rabin kusurwar, sai gudun shiga da na fita su zama ɗaya. Yana iya karkata har wajen digiri 45. Kan ciki kuma, wanda ke shiga aksil, mai ƙafa uku ne, kowace ƙafa da nata gare-garen a kan ƙananan allurai, yana zamewa ciki da waje don shaf ya ƙara tsawo ko ya rage yayin da taya ke hawa da sauka.

Waɗannan ƙarafa an gyara su ne sumul, kuma muddin giris na ciki, ƙura na waje, kan shaf kan daɗe ƙwarai. Kusan duk wanda aka kawo mini ya mutu, roba ce ta fara mutuwa. A hanyoyinmu abubuwan da ke kashe ta suna da yawa: kututturen karan dawa bayan girbi, ƙaya, zafin bazara da ke busar da roba ta tsattsage a cikin ninkinta, da taɓon fadama da ke bushewa a jikinta yana gogar ta. Da ta yage, juyawar shaf na watsar da giris waje, yashi na shiga. Giris da yashi idan suka haɗu, aikin da suke yi wa ƙarfen shi ne wanda yashi da toka ke yi wa gindin tukunya wajen wanki. A hanyar rairayi, ko a damina da ruwa ke shiga, ba a daɗewa kwari ya yi rami. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji ƙwallaye ne ke faɗawa ramin suna fita. Kuma Hilux irin taka, wato ƙirar 2005 zuwa 2015, yawanci ba ta da makullin hannu a hob, wato cibiyar da taya ke ɗaure a kai, kamar tsofaffi, don haka shaf ɗin gaba yana juyawa da taya ko da ba ka sa ogzilari ba. Shi ya sa ya ci gaba da lalacewa ko a kan kwalta, sai dai ba ka jin ƙarar sosai sai ka ɗora masa ƙarfin inji.

Kafin a sayi komai a tabbatar da ciwon. A nemi fili na ƙasa, a sa H4, wato ogzilari na gudu, a murɗa sitiyari har ƙarshe, a zagaya a hankali gaba da ribas, wani yana tafiya a gefen motar yana saurare. Kada a yi wannan gwajin a kan kwalta ko siminti. Ogzilarin Hilux yana ɗaure farfelar gaba da ta baya wuri ɗaya ne, babu abin da ke raba musu gudu a tsakiya, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya nisan tafiya. A ƙasa taya na ɗan zamewa ta sauke bambancin. A kwalta babu zamewa, sai motar ta riƙa tirjewa tana tsalle, kuma mutane da yawa sun sayi kan shaf saboda wannan alhali nasu lafiyarsa lau. Ƙas-ƙas mai bin gudun taya a kwana, kan waje ne. Karkarwa lokacin da aka taka totur, ko ƙum guda ɗaya idan an saki totur an sake takawa, ya fi nuna kan ciki ko kuros ɗin farfela. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, boris ɗin taya ne. Akwai kuma wata karkarwa da wannan ƙirar ke yi a matsakaicin gudu, wadda ke ɓacewa da zarar an sa ogzilari. Ita yawanci ƙaramin boris mai allurai ne da ke bakin aksil inda shaf ke zama, sabon shaf ba ya maganinta.

To, kan shaf ko shaf duka? Sai an fito da shi an buɗe kan ciki. Idan robar ciki ba ta taɓa yagewa ba, giris ɗinta bai gauraya da ruwa ko ƙasa ba, gare-garen uku suna juyawa ba tare da kakkamawa ba, cikin ƙoƙon babu ramin da farce zai maƙale, sandar kuma ba ta lanƙwashe ba, to shaf ɗinka na asali ya fi yawancin sababbin da ke kasuwa. Ka riƙe shi, ka sa masa kan waje mai kyau da robobi biyu sababbi. Na ce biyu domin robar ciki shekarunta ɗaya da wadda ta yage. Idan kuwa kan ciki ma ya taɓu, to shaf duka. Littafin Toyota bai yarda a raba kan waje da sandarsa ba, su a haɗe suke sayarwa, amma akwai kamfanonin da ke yin kan kaɗai, kuma yana aiki idan an dace da mai kyau aka kuma sa shi daidai. Ra'ayina, tsakanin sabon shaf mara suna da na Beljiyam na asali wanda robarsa ke da rai, na Beljiyam zan ɗauka. Sai dai in an kawo shi a kwance robobin a wanke a duba a sake giris, domin ba wanda ya san shekarun da ya yi a jibge a rana. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya, ko a Panteka ta Kaduna, ka tafi da tsohon a hannu. A ƙirga haƙoran waje da ke shiga hob, a ƙirga na ciki, a gwada faɗin wurin da sil, wato zoben robar da ke tare mai da ƙura, ke zama, a jera su ƙasa a ga tsawo ɗaya ne. Haƙori ɗaya ya bambanta, ba naka ba ne, duk yadda mai shago ya rantse. A wasu motocin zoben ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, a jikin kan shaf yake, shi ma sai an ƙirga haƙoransa.

Kwancewa a taƙaice take. A tare tayoyin baya da dutse ko katako, a ɗaga gaba, a zaunar da motar a kan ƙafar ƙarfe. Jak kaɗai ba ya isa, domin za a yi jijjiga da bugu a ƙarƙashi. A cire taya da murfin tsakiyar hob, a zare fin da hular makulli, wani ya taka birki a kwance babban noti. A sauke farantin ƙasa, a zubar da man aksil na gaba, amma a fara kwance ƙusar zubawa ta sama kafin ta ƙasa, kada a zubar da mai sannan a tarar ta sama ta ƙi kwancewa. A saki wayar ABS daga maƙalanta. A cire tayarod da sandar sitabilaiza, a kwance manyan ƙusoshi biyu da ke riƙe boljoyin na ƙasa da nokul, wato ƙarfen da hob da birki ke zaune a kai, sai a jawo nokul ɗin waje. Bakin shaf ana tura shi ciki ne da gudumar roba ko ta tagulla. Idan aka buge shi da gudumar ƙarfe kai tsaye, zaren noti zai baje. A lura kada nauyin nokul ya rataya a kan tiyon birki.

Daga nan ne ake bukatar natsuwa. Kan ciki wani ɗan zoben ƙarfe ne ke riƙe shi a cikin aksil. Kada a kama sandar shaf a fizga, domin mai ƙafa uku zai fito daga ƙoƙonsa, allurai su zube cikin roba, ƙoƙon kuma yana nan daram. A jikin ƙoƙon akwai ƴan tsaga da aka yi don wannan aikin. A nan ake ɗora ƙarfe a yi bugu ɗaya mai kaifi. Idan ya ƙi, a juya shaf ɗin kaɗan a sake, saboda zoben ya zauna tsakiya. Abin da ba a yi shi ne cusa ƙarfe tsakanin ƙoƙo da bakin aksil ana banƙara, don a nan sil yake da murfin ƙurarsa. In da za a bincika aikin bara, ɗaya daga cikin abubuwa ukun nan za a samu: an taɓa sil da ƙarfe wajen fitarwa, ko haƙoran shaf sun yanki leɓensa wajen mayarwa, ko shaf ɗin bai shige har zoben ya kama ba. Ni dai duk motar da ta haura shekara goma, in na fitar da shaf sai na sa sabon sil. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma canza shi daga baya na nufin a sake kwance komai. A auna zurfin da tsohon ya zauna kafin a cire shi, a buga sabon daidai wannan zurfin, a miƙe, a shafa wa leɓensa ɗan giris.

Wurin da za a buɗe shaf ɗin ya zama mai tsabta. Garejinmu da yawa ƙasa ce, iska na kaɗawa, musamman da hunturu. A shimfiɗa kwali ko buhu mai tsabta a kan tebur, a wanke bayan shaf ɗin tun kafin a yanke maɗaurin roba. Idan ƙwallo ya faɗi ƙasa a wanke shi, goge shi a jikin riga bai wadatar ba. Kafin a zare kan ciki a sa alama da fenti a ƙoƙo da mai ƙafa uku da sanda, don kowace ƙafa ta koma kwarin da ta saba da shi. Da fenti, kada a sassaƙa da kurfi. A cire kilif, a fitar da mai ƙafa uku ana bugun gindinsa da tagulla, ba a bugun gare-garen. Kan waje kuma, a matse sandar, a ja roba baya, a ɗora tagulla a kan tauraro a buga har zoben da ke ciki ya saki. Keji ba ya ɗaukar bugu. A wanke komai da kananzir ko dizal, a bar shi ya bushe sarai, domin ragowar kananzir na tsinka sabon giris. Roba kuma kada fetur ya taɓa ta.

Maganar giris ina so ka tsaya a kanta, don a nan ake yawan yin sakaci. Giris mai launin ruwan ɗorawa ko ja da ake sa wa boris ɗin taya ba na kan shaf ba ne. Ƙwallayen kan waje suna gugar kwari ne ƙarƙashin matsi mai tsanani, shi ya sa ake sa musu baƙin giris mai sinadarin molibdinam, wanda ke manne wa ƙarfe ko da matsi ya kore man. Kan ciki mai allurai nasa daban ne, ya fi ruwa-ruwa don ya ratsa tsakanin alluran. Saitin robobi na asali yakan zo da giris iri biyu, kowanne da wurinsa, kada a musanya kuma kada a gauraya. Abin da ya zo a ledar an auna shi ne, a juye shi duka, kada a rage don wani aikin. Yadda ake cika kan waje: a matsa giris ta ramin tsakiyar tauraro, a tura shi da yatsa ko da bakin sandar, har a ga yana ɓullowa ta bayan ƙwallaye shida ɗin nan. Sauran a zuba cikin roba. Wanda ya shafa a sama kawai ya rufe, bayan ƙwallayen a bushe yake.

Wajen haɗawa, a naɗe haƙoran sanda da salatif kafin a zura roba, don kada su yanke ƙaramin bakinta. A fara zura ƙananan maɗaurai da robobi, sannan kawuna. Sabon kan waje da sabon zobe ake sa shi. A daidaita haƙora, a matse zoben ya shiga kwarinsa, a mayar da tsohon noti a bakin zare don kariya, a buga da gudumar roba har a ji ya zauna, sannan a ja da hannu a tabbatar ba ya fitowa. Mai ƙafa uku yana da gefen da aka ɗan fiƙe haƙoransa, wannan gefen ne ke fuskantar kan waje, sai sabon kilif. Kafin a ɗaure babban bakin robar ciki, a tsayar da shaf a tsawon da yake zama a mota, a ɗaga leɓen robar kaɗan da abu mara kaifi iska ta daidaita. Idan aka ɗaure ta a kumbure ko a shanye, ninkinta zai riƙa gugar juna, ba za ta yi rai ba. Maɗauri kuma na ƙarfe ne da ya zo da robar, a matse da filayarsa. Waya tana yanka roba. Igiyar leda da tsinken tayar keke ba sa riƙe giris idan shaf ya ɗauki gudu da zafi. In ka ga an ɗauko ɗayansu, ka dakatar da aikin.

Mayar da shaf cikin aksil minti kaɗan ne, amma a nan aikin yake. A sa sabon zobe a bakin kan ciki, a juya buɗaɗɗen bakinsa ya kalli ƙasa, a ɗan liƙe shi da giris don ya tsaya tsakiya. A shafa man aksil a haƙora. Mutum ɗaya ya tallafi kan waje don nauyin kada ya kwanta a kan sil, ɗayan ya shigar da shi a miƙe, yana juyawa a hankali har haƙora su kama. Sannan a tura da ƙarfi sau ɗaya, ko a buga ta kan tsagar ƙoƙo. Za a ji ya faɗa. Shaida biyu ake nema: ƙoƙon ya matso daf da bakin aksil kamar na ɗaya gefen, kuma in an kama ƙoƙon an ja da hannu yana ɗan motsi amma ba ya fitowa. Shaf da bai kama ba zai iya yin kwanaki lafiya, sai ranar da taya ta sauka cikin rami ya zame, mai ya tsiyaye, ogzilari ya daina ja a tsakiyar taɓo.

Sai a shigar da bakin waje cikin hob, a mayar da ƙusoshin boljoyin, tayarod da sabon fin, da sitabilaiza. Babban notin nan ba shaf kaɗai yake riƙewa ba, shi ke matse boris ɗin taya wuri ɗaya. A wannan ƙirar ƙarfin ɗaurinsa 235 ne a ma'aunin ɗauri na Nm, kuma da sifana mai awo ake ɗaure shi. Abin da aka saba, a sa dogon bututu yaro ya hau ya yi tsalle, ba awo ba ne. In ya yi sako-sako boris zai mutu cikin ƴan watanni, in ya wuce kima zare ya miƙe. Kada kuma a sauke motar a tura ta, ko taku kaɗan ne, alhali notin bai ɗauru ba. Bayan ɗauri a sa hular makulli da sabon fin. Idan ramin bai yi daidai ba, a juya hular a nemi wata tsagar, kada a sassauta noti don fin ya shiga. Ƙusoshin boljoyin su ma da awo, yadda littafin motar ya faɗa, domin su ke riƙe da tayar baki ɗaya. Man aksil na gaba mai lamba GL-5 ake zubawa, kauri irin wanda littafin ya nuna, kusan lita ɗaya da rabi, motar tana tsaye daidai, har ya fara dawowa ta ramin zubawa. Man da aka zubar ba a mayar da shi, kuma a dube shi: in ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga, sai a duba bututun numfashin aksil.

Idan aikin ya kai ga sauke farfela, ta gaba ko ta baya, ita ma alama ake fara sawa a kowane mahaɗi kafin a kwance ƙusoshi huɗun. An daidaita nauyinta ne a yadda take. Abin da ya fi haɗari shi ne a zare ta gida biyu a wurin da take zamewa, a mayar ba bisa alama ba. Kuros na gaba da na baya an jera kunnuwansu ne ta yadda saurin da ɗaya ya ƙara ɗayan zai rage. Aka kauce da haƙori ɗaya ko biyu, motar za ta kama karkarwa a gudu, a yi ta zargin taya da wili. A buga giris a kowane nonon kuros har sabo ya fito ta kofuna huɗu. Wurin zamewa kuma kaɗan ake sa masa, in aka cika shi tam ba zai iya shigewa ba, sai ya riƙa tura boris ɗin giya. Kuma a tuna da zarar an cire farfelar baya, giya ba ta riƙe motar, sai an tare tayoyi.

Ga masu Land Cruiser ƙirar 70 da 80, da tsofaffin Hilux masu aksil ɗin gaba guda, wannan bayanin bai hau kansu duka ba. Nasu kan shaf, wanda ake kira Birfield, a cikin ƙwallon nokul yake zaune cikin giris, babu robar da za ta yage. Ciwonsu sil ɗin cikin aksil ne: in ya mutu man aksil na gangarowa ya narkar da giris, sai ka ga baƙin ruwa na zubowa ta bayan taya. Wajen fitar da shi sai an juya gefensa biyu da aka shafe sun kalli sama da ƙasa, kuma wajen mayarwa ana daidaita matsin boris ɗin nokul da na taya da awo. Masu makullin hob na hannu su riƙa kulle shi suna tafiyar kilomita 16 a kowane wata, yadda Toyota ta tsara, don mai da giris su zagaya.

Sabon kan shaf ma yana fashewa idan aka matsa masa, kuma yanayin da yake fashewa sananne ne. L4, wato ogzilari na ƙarfi mai tafiya a hankali, yana ninka ƙarfin da ke zuwa taya fiye da sau biyu da rabi. Kan shaf kuma ya fi rauni lokacin da sitiyari ke ƙarshe, domin ƙwallaye na bakin kwari, keji na ɗauke da nauyi. Haɗa L4 da sitiyari a ƙarshe da totur mai yawa, musamman a ribas ko ana jan wata motar da ta kafe, shi ke tsaga keji. Haka in taya ɗaya ta tashi sama tana juyawa da gudu sannan ta dira ta kama ƙasa. In ka kafe, miƙe sitiyari tukuna, ka rage iskar taya in rairayi ne, ka ja a hankali. Ɗaga mota sama da ƙarin sifirin yana sa shaf zama a karkace kullum, robobi su riƙa cin juna. Tayoyi huɗu kuma su zama girma ɗaya, kuma da ka hau kwalta ka fitar da ogzilari.

Bayan an gama, a taka birki sau da yawa kafin a motsa, a duba fitilar ABS ta mutu. A koma filin ƙasa a maimaita zagayen nan a H4, hagu da dama, gaba da ribas, sannan a hau titi a saurari karkarwa. In sitiyari ya karkace ko an taɓa ƙusoshin saitin hannun ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa, a kai ta alaimen, wato saitin tayoyi. Da an dawo a leƙa bakin aksil da bakin robobi, a sake leƙawa bayan mako guda: bakin aksil ya kasance a bushe, cikin wili babu ɗigon baƙin giris, maɗaurai huɗu suna inda aka sa su. Allah ya sa a dace da kaya masu kyau, ya tsare hanya.